Iyatu da Maganin da Aka Daina Yi

Iyatu ce ta fara ganinsu. 'Yarta Raliya ta riga ta fita tun bayan sallar asuba, motar ma'aikata ta kwashe ta zuwa Awali a gefen Madina, domin lokacin ɗanyen dabino ne, kuma a irin wannan lokaci ba a ba kowa hutu a wurin da ake zuba shi a kwali. Abdulsalam, mijin Raliyar, yana kan hanyar Makka da bas cike da masu umra. Gidan ya rage daga tsohuwa sai jikarta Afnan, 'yar shekara bakwai, wadda ta kwana biyu tana ɗan zazzaɓi tana ture abinci.

Ta shiga ɗaki ne da kofin shayi da madara tana cewa, "Tashi ƙawata, rana ta yi, ko sai na kira miki 'yan kwana-kwana?" Yarinyar ta juyo. Iyatu ta tsaya cak da kofin a hannu, har shayin ya zubo mata a yatsu ba ta ji zafinsa ba.

Ƙuraje ne sun feso a fuskar Afnan. Goshi, kumatu, gefen hanci, har da guda a kan fatar ido, kowanne ya ɗauko ruwa yana ƙyalli. Ta ɗaga rigar barcin, ta ga ciki da baya duk sun cika. Ta ce yarinyar ta buɗe baki, ta ga har cikin bakin akwai.

Ba wai Iyatu ba ta san ƙarambau ba ne. Raliya ta yi shi tana ƙarama, 'yan ƙuraje ne jefi-jefi a ciki, tana ma wasanta a tsakar gida har suka bushe. Amma wannan da ya rufe fuska haka, sau ɗaya ta taɓa ganin irinsa a duniya, kuma a fuskar ƙanwarta Azumi ta gan shi.

Lokacin ita kanta ba ta fi Afnan da yawa ba. Shekaru suka yi a hanyar hajji daga yamma, su tsaya a Sudan su yi aikin auduga, su ƙara gaba, har suka iso wani zango kusa da teku inda ake jiran jirgin ruwa. A nan Azumi ta kwanta. Mahaifiyarsu ta ɓoye ta a bayan kaya, ta lulluɓe ta da tabarma, amma magana ta fita. Wata safiya sai ga mota da mutane masu fararen kaya, sun ɗaure hancinsu da ƙyalle. Suka ɗauki Azumi. Mahaifiyarsu ta bi motar da gudu har ɗankwalinta ya faɗi, aka riƙe ta, aka ce babu mai bin mara lafiya karantina, inda ake killace su. Daga nesa suke hango tantunan a bayan waya. Ko kabarinta ba a nuna musu ba.

Su da suka rage aka tsaga musu damtse, sannan aka kawo wani magani rawaya kamar kurkum, mai ɗaci, aka ce kowa ya sha don kada ciwon ya kama shi. Zango ya cika da kakarin amai. Manya da yawa suka riƙa zagawa bayan tanti suna tofar da shi. Ita kuwa mahaifiyarta ta matse ta a tsakanin cinyoyi, ta toshe mata hanci, in ta amayar a sake ɗura mata. Babu wanda ya ƙara kwanciya a cikinsu. Har matar nan ta koma ga Allah a Madina, maganarta ɗaya ce: da maganin nan ya riga motar zuwa, da Azumi tana nan.

Kuma ta bar wa Iyatu ƙa'idoji. Ba a kiran sunan ciwon a gida, sai dai a ce Baƙo, domin mai jin sunansa ne. In ya sauka ba a soya mai, ba a ɗaga murya, ba a yi wa mara lafiya wanka, ba a bari iska mai sanyi ta taɓa shi, kada ƙurajen su koma ciki. Sama da duka, ba a gaya wa hukuma. Raliya ta tashi ta ga duk ranar da yaro ya yi zazzaɓi Inna ba ta ɗora kasko, amma ba ta taɓa sanin dalili ba, don ba a taɓa faɗa ba.

Iyatu ta ajiye kofin, ta miƙa hannu ta kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Ɗakin ya yi tsit.

"Habboba, lesh?" in ji Afnan, wato Kaka, don me? Haka take, a yi mata Hausa ta mayar da Larabci.

"Yi shiru, uwata. Baƙo muka yi. Taso mu hau sama."

A saman benen nasu akwai wani ɗan ɗaki da ake ajiye barguna da tsofaffin akwatuna, babu taga sai wata 'yar kafa, babu mai shigarsa sai lokacin sanyi. Nan ta shimfiɗa katifa, ta kwantar da yarinyar, ta lulluɓe ta da bargo. In ma maƙwabciya ta leƙo neman albasa, ba za ta ga komai ba. Ta sauka ta dama kunu mai ɗumi ta kawo. Afnan ta kurɓa sau ɗaya ta fashe da kuka, bakin yana mata zafi.

"Harr, ya Habboba. Abga moya barda."

"Babu ruwan sanyi yau. Ki daure, zafin nan shi ne zai fito da shi waje duka. Zan je in kawo miki magani, kina sha shi ke nan."

"Murr?"

"Ɗaci kamar me! Har sai kin zage ni. Amma ni da kike gani, shi na sha."

Ta zauna tana shafa mata ƙafa har barci ya ɗauke ta. Sannan ta jawo ƙofar, ta sa sakata ta waje, ta tsaya da hannunta a kan ƙarfen tana karanta abin da ta iya. Ta zura abaya ta fita.

Rana ta riga ta ɗaga. A Harra ta Yamma in hantsi ya yi, baƙaƙen duwatsun da ke tsakanin gidaje sukan mayar wa mutum da zafin a fuska kamar an buɗe tanda. Saidaliyya, wato shagon magani, biyu ce a titinsu. Ta kusa ita ce inda Bakri yake aiki, amma shi ɗan gida ne, uwarsa 'yar Maiurno ce, cikin Hausawan Sudan, suna haɗuwa da Iyatu a kowane suna da kowace ta'aziyya. Abin da Bakri ya ji da hantsi, kafin la'asar ya kai har unguwar Jurf. Don haka ta wuce shi, ta ja ƙafa har ta ƙarshen titi, inda wani saurayi Bamisire yake tsaye a bayan kanta yana latsa waya.

Larabcin Iyatu na kasuwa ne da Harami, ya ishe ta sayen tumatir da neman hanya. Ta ce masa tana son dawa asfar, magani rawaya, mai ɗaci, wanda yake sa amai.

"Na wane ciwo, ya Hajja?"

"Ka san shi ai."

"Wallahi ban san shi ba. Tari? Ciki? Tsutsa?"

Ta girgiza kai. Ya ɗauko wata kwalba ya nuna mata, ta ce ya buɗe. Ya ce ba a buɗewa. Ta kai hancinta kusa da murfin duk da haka.

"Wannan ƙanshin lemo yake yi. Ni magani na ce maka, ba sharbat ba."

Saurayin ya yi dariya, ya ce duk duniya mutane suna neman maganin da zai tsayar da amai, ita kaɗai ce ta zo neman mai kawo shi. Ya ce ta kawo takardar likita ko ta kawo mara lafiyar. Da ta ji haka sai ta ja mayafinta ta fita ba sallama.

A bakin titi ta tsaya. Gumi yana bin bayanta. Ta tuna ɗakin sama da bargon, ta ce a ranta zafin yana aikinsa. Sannan ta juya ta nufi wurin Bakri, tana jin kamar kowace taga ta unguwar ido ce.

"A'a, Inna Iyatu da kanta! Marhaba, marhaba. Yau ƙafar ce ko hawan jinin?" Bakri ya zagayo ya jawo mata kujera. Mutum ne mai jiki, gashinsa ya fara furfura ta gefe, Hausarsa tana tafe tana tuntuɓe da Larabci. "Ki zauna ki sha iska. Kin ganki kuwa? Kamar wadda ta yi sa'ayi sau biyu."

Ta jira har wani mai sayen man goge baki ya fita. Sannan ta matso da kujerar, ta rage murya.

"Ɗan nan, zan tambaye ka abu, amma in uwarka ta ji, ban yafe ba."

Murmushin ya bar fuskarsa. "Subhanallah. Faɗi, Inna."

Ta kwatanta masa maganin, launinsa da ɗacinsa da aman. Ta ce ana ba waɗanda suka zauna da mara lafiya, ana kuma ba mara lafiyar in an samu da wuri. Ta ce ta san irinsa ba a ajiye shi a gaba, amma ya duba ciki, can inda suke ɓoye na manya.

"Yaushe kika sha shi?"

"Ina yarinya. Kafin mu ƙetaro."

"Tab. Inna, ai ko babana lokacin bai fara tafiya ba. To maganin mene ne?"

"Na Baƙo."

"Wane baƙon? Baƙon dauro?"

"Ba shi ba. Babban."

Bakri ya dafa kanta ya sunkuyo. "Inna, ki yi mini rai. Magungunan da ke cikin shagon nan sun fi dubu, kuma rabinsu rawaya ne. In ba ki faɗi ciwon ba, wallahi ba ni da ta yi. Waye ba lafiya? Afnan ce?"

Ta dubi ƙofa. Ta dubi hannuwanta. Sunan yana nan a bakinta, shekara sittin da wani abu yana zaune a ƙarƙashin harshe ba a taɓa fito da shi ba, har ta ji kamar in ta faɗa zai juyo daga inda yake ya dube ta. Amma yarinyar tana can sama ita kaɗai.

"Agana," ta ce, da ƙyar aka ji. Sai ta ƙara da Larabci don kada ya sa ta maimaita. "Judari."

Ta runtse ido tana jiran ya ɗauki waya ya kira mota. Da ta buɗe, sai ta ga yana kallonta ne kawai, bakinsa a ɗan buɗe.

"Inna," ya ce a hankali, "agana ai babu ita."

"A Madina, ka ce. Allah ya tsare garin Manzo. Amma baƙi suna shigowa ta ko'ina."

"Ba a Madina kaɗai ba. A duniya. Ta ƙare, halas. Babu mutum ɗaya a bayan ƙasa da yake ɗauke da ita yau."

Ran Iyatu ya ɓaci. "Kai Bakri, ni za ka yi wa wasan yara? Ciwo yana ƙarewa ne? Zazzaɓi ya ƙare? Tari ya ƙare?"

"Su ba su ƙare ba. Ita kaɗai ce a cikin cututtukan mutane aka gama da ita. Wannan tsagar da aka yi miki a damtse, ita aka bi duniya da ita, gari-gari, ƙauye-ƙauye, har ciwon ya rasa jikin da zai shiga. Mutum na ƙarshe da ta kama a gari, a Somaliya yake, kuma ya warke. Aka jira, aka bincika, sannan aka yi shela."

"Yaushe?"

"Alif da ɗari huɗu, ta Hijira."

Ta shiga lissafi da abin da ta saba lissafi da shi. A shekarar tana amarya a wani ɗaki a bayan Harami, a unguwar da yanzu aka shafe aka shimfiɗa marmara. Tana wanki, tana girki, tana duba fuskar kowane yaro da ya shigo gidan.

"Babu wanda ya gaya mini," ta ce.

"To wa zai gaya miki, Inna, tunda ba kya bari a ambace ta?"

Ya ɗauko wayarsa ya yi ta latsawa, yana karantawa yana gyaɗa kai. "Ga wani nan. Metisazon sunansa. An yi amfani da shi a waɗancan shekarun, ana ba waɗanda suka kusanci mai ciwon. An ce garinsa rawaya ne, kuma amansa ba kama hannun yaro. Ba zan rantse shi aka ba ku ba, amma ya yi kama." Ya juyo mata da wayar, ta ga rubutu kawai da wani zane kamar saƙar zuma. "An daina yin sa tuntuni. Mun dai gan shi a littafi a kulliya, inda muka yi karatu, layi biyu. An ce ma aikin nasa bai taka kara ya karya ba."

"Wanda ya rubuta haka bai sha ba," in ji Iyatu da zafi. "Ni na sha, ga ni."

"Na janye, Allah ya ba ki haƙuri. Yanzu gaya mini, Afnan ce?"

Ta gaya masa. Fuska, ciki, baya, cikin baki.

"Masu ruwa? Wasu sun fashe wasu suna fitowa? Ungez ne, in sha Allahu, ƙarambau. Wani yaron yakan yi masa yawa. Amma likita ne zai tabbatar, ba ni ba. Tana shan ruwa? Kada dai a ba ta asfirin. Tana ina yanzu?"

"Ɗakin sama."

"Wanne? Na barguna? Akwai mukayyif a ciki?"

"Ba a sa wa mai ƙuraje sanyi. Na lulluɓe ta."

Bakri ya dafe kai da hannu biyu. "Ya Inna! Ya Inna! A wannan zafin? Ƙurajen ba za su yi mata komai ba, ɗakin ne zai yi mata. Ki tashi yanzu ki sauko da ita, ki cire bargon, ki ba ta ruwa, ki kai ta mustausaf, ƙaramin asibitin nan na bayan masallaci. Ni kaɗai ne a shago, da na bi ki. In kira miki is'af, motar asibiti?"

"Kada ka kira mota!" Ta miƙe da saurin da ita kanta ba ta san tana da shi ba. "Kada ka kira kowa."

Ba ta san yadda ta hau matakalar ba. Da ta zare sakatar, zafin ɗakin ya buge ta kamar hannu. Afnan ta ture bargon da ƙafa, tana kwance a gefen katifa, gashinta ya manne a goshi. Leɓɓanta sun bushe sun tsage. Iyatu ta kira ta, ta buɗe ido rabi ta mayar.

"Ƙawata. Uwata. Dube ni."

"Moya," in ji yarinyar, muryar kamar ta kyanwa.

Iyatu ta sauka da gudu ta buɗe firiji. Ta tsaya da gorar ruwan a hannu, sanyinta yana ratsa tafinta, tana jin muryar mahaifiyarta sarai kamar tana bayanta. Matar nan ba ta taɓa yi mata ƙarya ba. Amma matar nan ta rasu ba ta ji abin da Bakri ya faɗa ba. Ta hau da gorar, ta tallafo kan yarinyar, ta riƙa ɗiga mata kaɗan-kaɗan. Ta jiƙa gefen mayafinta ta goga mata a wuya.

Yarinyar ta sha, amma kanta yana langaɓewa. Iyatu ta san abin ya wuce na gora.

Ta ɗauko zane a igiyar shanya, ta durƙusa, ta jawo Afnan bayanta ta goya ta kamar jaririya, ƙafafun suna reto har gwiwarta. Rabon da ta goya yaro tun yarinyar tana rarrafe. Ta yafa abaya a kansu su biyu, ta sauka tana dafa bango. A titi wani yaro mai keke ya tsaya yana kallon tsohuwa mai ƙusumbi da ƙafafu huɗu, ba ta ko dube shi ba. Ba ta gama yarda da maganar Bakri ba. Abin da ta sani shi ne, in ma za a ɗauke yarinyar, to a bayanta za a ɗauke ta, ba a bayan kaya ba.

Mustausaf ɗin yana da sanyi da warin sabulu. Mata suna zaune a jere da yara a cinya. Ma'aikaciyar da ke karɓar mutane ta ɗaga abayar ta ga fuskar Afnan, nan take ta jawo takunkumi ta rufe hancinta, ta kira wata. Wata nas ta fito, ita ma fuskarta a rufe, da fararen kaya, tana tura keken marasa lafiya. Ta nuna wata ƙofa can ƙarshen baranda, ta ce da Larabci za a kai yarinyar ɗaki na daban.

Iyatu ta dubi fararen kayan. Ga su nan, ashe, ba su canza ko kaya ba. Ta ja da baya har ta jingina da bango, ta kai hannu biyu baya ta riƙe yarinyar gam.

"La," ta ce. "La, la. Ba za ku tafi da ita ba." Hausa take yi yanzu, da ƙarfi, duk matan suka juyo. "Ni na kawo ta da ƙafata! Ba kama ta kuka yi ba!"

Nas ɗin ta yi ta magana tana miƙo hannu, Iyatu tana ƙara matsewa. Sai wata ƙofa ta buɗe, likita ta leƙo, doguwar mace baƙa, matashiya, da tabarau. A ƙirjinta an rubuta Hibatullah. Ta saurara kaɗan, sannan ta matso ta sauke takunkuminta zuwa haɓa don a ga bakinta.

"Kaka," ta ce, da wata Hausa mai nauyi irin ta waɗanda aka haifa a nan, "sannu. Ba a ɗauka. Ɗaki kawai, saboda akwai mata masu ciki a nan. Ke ma ta'ali. Zo."

"Ni ma?"

"Ke ma. Wa zai riƙe ta in ba ke ba?"

"Har ciki?"

"Har ciki, wallahi. Akwai kursi."

Iyatu ta dubi ƙofar can ƙarshen baranda. Ƙofa ce kawai, an manna mata hoton rakumi mai murmushi. Ta ɗaga bayanta daga bango. Ba ta yarda an sa yarinyar a keke ba, da goyonta ta taka har ciki, kuma akwai kujerar kamar yadda aka ce.

Likitar ta duba ƙurajen ɗaya bayan ɗaya, ta haska baki, ta saurari ƙirji. Ta ce ungez ne, ya yi mata yawa amma zai wuce, abin da ya fi damunta shi ne jikin ya bushe. Aka ɗaura ruwa a hannun Afnan, aka ba ta maganin zazzaɓi mai ɗanɗanon alawa. Iyatu ta karɓi cokalin ta lasa abin da ya rage, ta taɓe baki.

"Dakta, 'yar nan," ta ce bayan an jima, "wai da gaske agana ta ƙare? Judari?"

"Min zaman, Kaka, tun tuni. Ni ban taɓa gani ba. Malamina da ya koya mini, shi ma bai gani ba."

Kafin ledar ruwan ta kai rabi, Afnan ta buɗe ido sosai ta fara ƙorafin ƙaiƙayi, ta kuma ce a ba ta waya ta yi wasa. Iyatu ba ta taɓa jin daɗin fitinar yarinyar nan irin na yau ba.

Raliya ta iso bayan la'asar, da rigar aiki a ƙarƙashin abaya, tana warin dabino. Bakri ne ya kira ta, ya kasa haƙuri. Ta rungume 'yarta, ta gama dubawa, sannan ta juyo.

"Inna, ɗakin barguna? Da sakata? Ga waya a gida ba za ki kira ni ba? Da wani abu ya same ta fa?"

Iyatu ba ta kare kanta ba. Ta bari ta gama, sannan ta ce, "Zauna. Kina da wata inna da ba ki sani ba, sunanta Azumi." Ta ba ta labarin a taƙaice, tana kallon ledar ruwan, kuma duk inda sunan ciwon ya zo ta faɗe shi. Da ta gama, Raliya ta miƙa hannu ta gyara wa uwar mayafinta da ya zame.

Da aka zare allurar, likitar ta ba su farin ruwan shafawa, ta ce a yi mata wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, a yanke mata farce, a kunna mukayyif, kada ta fita sai sun bushe. Sannan ta ce, "Yalla, ma'assalama."

Iyatu ba ta motsa ba. "Da ita?"

"To ni me zan yi da ita, Kaka? Ina da biyu a gida, sun ishe ni."

Raliya ta kira motar haya ta waya. Direban wani saurayi ne ɗan Nijar, Issoufou, da ya ji suna Hausa sai ya rage rediyo ya gaishe su. Iyatu tana baya da Afnan a jikinta. Ba su yi nisa ba ta taɓa kafaɗar kujerarsa.

"Ɗan nan, ka san agana ta ƙare?"

"Inna, don Allah," in ji Raliya.

"Bar ni. Ka sani?"

"Agana?" Ya leƙo ta madubi. "Wallahi sunan kawai na sani, Hajiya. Kakata ce take da zanzanarta, fuskar duk rami-rami. Tana can Tasawa."

"Tana da rai? To ita an gaya mata?"

"Ban sani ba. Ranar Juma'a in na kira zan tambaye ta."

"Wace irin Juma'a? Mace ta ɗauki abu a fuskarta tun tana yarinya ka ce Juma'a? Tsaya ka kira ta yanzu."

Issoufou ya dubi Raliya, Raliya ta ɗaga kafaɗa. Ya gangara gefen titi kusa da wani mai sayar da kankana, ya kira. Aka daɗe ana neman tsohuwar, ana jin kukan awaki da muryar yara, sannan wata murya mai kaushi ta ce wa ke nan. Ya miƙo wayar baya.

Iyatu ta yi sallama, ta ce daga Madina ne, ita baƙuwa ce ba a san ta ba, amma tana da albishir. Ta gyara zama ta faɗa mata, da shekarar da komai.

Sai tsohuwar ta kece da dariya har da tari.

"'Yar'uwa, ai mu a rediyo muka ji, tun uban yaron nan yana yawo ba wando! Har guɗa na yi. Ku da kuke kusa da Manzo sai yau labari ya iso muku?"

Iyatu ta riƙe wayar a kunne. Sai ita ma dariyar ta kama ta, tana yi tana share ido da gefen mayafi, Afnan tana tambaya "Esh fi? Esh fi?", wato me ya faru, ba mai amsa mata.

"To ba ni labari," in ji Iyatu da ta samu numfashi. "Ke ya aka yi kika tashi?"

Issoufou ya kashe injin, ya sauke gilashi ya tambayi mai kankana ko masu zaƙi ne.